Motar da Ta Koma da Kayanta

A Zongon Lome an yi wani dillalin tumaki ana ce masa Malam Habu. A kasuwar Gbossime yake tsayuwa, inda ake cinikin awaki da raguna, kuma tun yana yaro mai riƙe igiya yake wurin har ya kai ga sa baki a ciniki. Ba a san shi da dukiya ba. An dai san ba ya rantsuwa a kan dabba, kuma in ya ce wa mai kaya gobe, to goben ce. Shekara goma sha huɗu suka yi da matarsa Rabi a ciki da falo na haya, su da 'ya'ya uku da mahaifiyarsa Inna, wadda ba ta taɓa kama sunansa ba saboda sunan surukinta ya ci, sai dai ta ce Babangida.

Gidan hayar irin na Lome ne, ɗakuna a jere suna kallon tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, banɗaki ɗaya, da mitar wuta ɗaya wadda ƙarshen kowane wata sai an tayar da jijiyar wuya a kanta, a ce wane ya sayi fanka, wance kuma tana guga da dare. Rabi tana koko da ƙosai da safe a bakin titi, da rana ta ɗora wake da shinkafa. Tana zubin adashi biyu. Shi kuwa Malam Habu duk Babbar Salla, in raguna suka yi kasuwa, sai ya ware wani abu ya kai ajiya, bai taɓa bari ya kwana a aljihunsa ba. Haka suka yi ta tarawa, ba wanda ya sani sai su uku.

Bayan Sallar layya ta 2018 labari ya iske shi cewa wani Bazabarme mai sayar da yadi zai sayar da gidansa ya koma Dosso. Tun gobarar da ta cinye babbar kasuwar Adawlato a watan Janairun 2013 kasuwancin mutumin bai sake miƙewa ba, ga tsufa ya zo. Gidan yana nan cikin Agoe-Zongo, can bayan babbar hanyar da ta tashi daga Lome ta bi Tsevie da Atakpame da Sokode da Kara har Cinkasse, inda manyan motocin Burkina da Nijar da Mali ke yada zango kafin su ɗauki hanya. Rubu'in fili ne, don cikakken fili a Lome murabba'in mita 600 ne. Ɗaki biyu da falo, katanga ba filasta, da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Aka yi ciniki gaban shaidu, aka biya, aka shafa fatiha.

Takardu biyu Bazabarmen ya miƙa masa. Ɗaya tasu ce ta cinikin ranar. Ɗayar kuwa tsohuwa ce, wadda dangin masu ƙasar suka ba shi lokacin da ya sayi filin. Malam Habu ya ga an rubuta sunan 'yan'uwa huɗu amma dangwalen yatsa uku ne, ya tambaya. Tsohon ya ce na huɗun yana Gabon lokacin, kuma shekara ashirin ke nan ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa masa ƙofa. Malam Habu ya ce Allah ya sa haka, ya ninke takardun ya sa a aljihu.

Cikin hunturun Janairun 2019 suka tare. Kayansu kaf sawu biyu keke mai ƙafa uku ya yi: katifa biyu, tabarmi, randa, tukwane da kaskon ƙosai, buhunan tufafi, allunan yara, da akwatin ƙarfen Inna mai ɗan kwaɗo. Da aka zuba su a sabon gida sai suka ɓace, ɗakunan suka haɗiye su. Falon kuwa ba abin da ya samu sai tabarma ɗaya da buta. Yara suka gano in sun yi ihu a cikinsa muryarsu na dawowa, suka wuni suna yi, Inna na korarsu tana dariya. Daren nan Rabi ta kasa barci, ta yi ta zagaya tsakar gida da tsohon cikinta tana taɓa bango, ba mai ce mata ta rage ruwa, ba mai ce mata ta kashe fitila.

Abin da ya rage a hannun Malam Habu jaka ɗari uku ne na sefa, kuma ya riga ya yi musu wuri. A Lome rasit ba ya tsare gida. Fili ɗaya a sayar wa mutum biyu ko uku, ko uba ya sayar 'ya'ya su tashi bayan ransa su ce ba da saninsu ba, kotuna cike suke da irin wannan. Ko a 2018 sai da gwamnati ta yi sabuwar dokar ƙasa saboda yawan rigimar. Abin da ke rufe bakin kowa shi ne babbar takardar mallaka da suke kira titir fonsiye, ita kuwa sai an kira mai awon fili ya auna ya zana, an bi ofis-ofis an buga hatimai, an jira. Kuɗin nan na fara wannan hanya ne.

A watan Maris Rabi ta sauka, aka samu ɗa namiji. Saƙo ya tafi Sokode wurin dangin uwarta, ya tsallaka Aflao ya je Nima cikin Akara wurin gwaggonta, kowa ya ce yana nan tafe, ga suna ga ganin sabon gida.

Kwana biyu da haihuwa sai ga Ɗanjuma, abokin Malam Habu tun na makarantar allo, wanda ke dillancin motoci a bakin tashar jiragen ruwa. Mutum ne mai son Malam Habu tsakani da Allah, kuma mai son a fita kunya. Ya yi barka, ya leƙa falo, ya tsaya ya riƙe ƙugu. Ya ce haba Habu, a nan za ka sauke surukai? Ya ce mutanen Nima ba sa raina komai da baki, da ido suke yi, kuma duk abin da suka gani shi za a ci abinci da shi har shekara ta zagayo. Ya ce ya san wani mai shago kusa da tasha da ke sauke kayan gwanjo na Turai, akwai kujerun kushin na fata masu ɗaukar mutum bakwai, da teburin gilashi, da kabad, da firiji, da talabijin, duka jaka ɗari tara. A ba da ɗari uku yanzu, saura a riƙa biya wata-wata, shi zai tsaya masa.

Malam Habu ya ce kuɗin na takarda ne. Ɗanjuma ya ce takarda ba ta gudu, Bazabarme ya yi shekara ashirin ba ita, amma suna rana ɗaya ne. Ya ce kuma ya tuna yarinyar nan ta yi shekara goma sha huɗu tana shaƙar hayaƙin ƙosai, ko ba don kowa ba a yi don ita. Wannan ta ƙarshen ce ta shiga Malam Habu. Washegari suka hau babur suka je shagon, ya zauna a kujerar ya ji ta karɓe shi har kafaɗa, ya ce a kawo ranar jajiberin suna. Da ya gaya wa Rabi ba ta ce komai ba, amma ya ga yadda fuskarta ta washe, ya ji har ta aika a share falo sau biyu.

Ranar jajiberi bayan la'asar motar ta shigo layi tana rangaji cikin yashi, yara na bin ta a guje. Matan da ke gyaran shinkafar suna a tsakar gida suka fito, wata ta rangaɗa guɗa. Maƙwabta suka tsaya a ƙofofinsu. Kafin a gama gaisawa yaran mota sun kwance igiya sun sauke kujera ɗaya sun dire ta a ƙofar gida, wani tsoho ma har ya zauna yana sa albarka.

Malamin shagon da ya biyo motar ya buɗe littafinsa. Ya karɓi jaka ɗari uku ya ƙirga ya ɗaure da roba, sannan ya ce saura takardar gida, maigidansa ba ya ba da kayan da suka kai haka sai ya riƙe jingina, in an gama biya a mayar. Malam Habu ya dubi Ɗanjuma. Ɗanjuma ya ce ai al'ada ce kawai, kowa haka yake yi, a aljihun tebur za ta kwana har wata goma sha biyu.

Malam Habu ya shiga ɗakin mai jego. Ɗakin ya ɗauki zafin garwashi, ga ƙamshin kunun kanwa da turaren wuta. Rabi na kishingiɗe, Inna na zaune a tabarma ta miƙe ƙafafu da jariri a cinya tana shafa masa man kaɗanya. Ya ce a ba shi makullin akwati. Rabi ta zaro shi daga ƙarƙashin matashi ta miƙa masa. Ya durƙusa ya buɗe, ya ɗaga zannuwan Inna, ya ciro ledar da takardun ke ciki.

Bai san abin da ya sa ya warware tsohuwar ba, ga shi ana jiransa. Takardar littafin makaranta ce, ta yi ja don tsufa, ta fara tsagewa a wurin ninki. Ga dangwale uku da shuɗin tawada, ɗaya ya ɗan goge don mai shi ya motsa yatsa. Ga suna na huɗu, gabansa fari fat.

Inna ba ta ɗaga kai ba. Ta ce Babangida, kayan wa ke ƙofa? Ya ce nasu ne. Ta ce an gama biya? Ya ce an fara. Ta ce to ita wannan da ke hannunka ina za ta? Ya gaya mata. Ta yi shiru tana murza ƙafar jariri, sannan ta ce ita ba ta hana ba, namiji da gidansa, amma ta taɓa gaya masa labarin gadonta? Ya ce ta sha gaya masa an rushe tsohon Zongo. Ta ce rushewa kowa ya sani, gadon take nufi.

Ta ce a 1977 tana amarya, wata biyar da kai ta ɗaki. Lokacin Zongo a tsakiyar birni yake, tun zamanin Jamus kakanni ke wurin, fataken goro da na shanu na sauka, daga ƙofar gida mutum ya taka da ƙafa ya je babbar kasuwa. Ubanta ya ci bashi ya yi mata gadon ƙarfe mai rumfa, ƙafafunsa a kan gwangwanaye don ya ƙara tsawo, ga jeren tasoshi da fanteka tun daga ƙasa har kusa da rufi. Mata na zuwa daga wasu unguwanni don kallon ɗakin kawai. Ta ce a lokacin duk Zongo ba wanda ya taɓa kawowa a ransa za a ce ya tashi, sun ɗauka daɗewa ita ce takarda. Sai ga sanarwa a zamanin Eyadema, aka ce a koma can arewa, wajen kilomita 15 daga gari, inda a lokacin daji ne. Wurin da ɗakinta yake yanzu manyan benaye ne na banki.

Ta ce su 'yan haya ne, ba su samu fili ba. Ɗakin da suka raɓa a sabon wuri ƙofarsa ba ta ɗauki gadon ba, ko an kwance rumfar. A waje ya kwana, ya yi wata a waje, damina ta same shi, ya yi tsatsa, daga baya wani maƙeri ya saya a kuɗin da bai kai na katifarsa ba. Tasoshin kuwa ɗaya-ɗaya aka sayar aka ci abinci. Ta ce abin da bai taɓa barin ranta ba shi ne ubanta ya ci gaba da biyan bashin gadon har bayan maƙeri ya sare shi ya yi murahu. Da ta kai nan sai ta juya jariri ta ci gaba da shafa masa mai a baya, ta ce ya tashi, mutane na jira.

Malam Habu bai tashi ba. Daga waje yana jin hayaniyar yara, yana jin Ɗanjuma na ba da umarni a kama kabad ta nan a bi da shi ta can. Ya lissafa wata goma sha biyu, ya ga a cikinsu wata ɗaya ne tak yake da tabbacin kasuwa, na layya, saura sai yadda Allah ya yi. Ya tuna mutumin Gabon da bai taɓa gani ba, ko yana raye, ko yana da 'ya'ya. Ya tuna kuma idon gwaggon Nima, da tsohon da ke zaune a kujera yana sa albarka, da guɗar da aka riga aka yi. Ya dubi Rabi. Ta kawar da kai ta fuskanci bango, don ta riga ta gane.

Ya mayar da takardun cikin leda, ya sa ƙarƙashin zannuwa, ya rufe akwati ya danna kwaɗo. Ya ajiye makullin kusa da matashin Rabi ya fita.

A ƙofar gida ya fara ba tsohon haƙuri, ya kama hannunsa ya tashe shi. Sannan ya ce wa malamin shago a yi masa afuwa, ya fasa, a mayar masa da kuɗinsa a cire na man mota zuwa da komawa da ladan yara. Wuri ya yi tsit. Ɗanjuma ya ja shi gefe ya ce ya rufa masa asiri, shi ya tsaya, da wane ido zai kalli mai shago, da wane ido kuma Habu zai kalli layin nan gobe. Malam Habu ya ce da idon da ya kalle su jiya. Malamin shago ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin an sauke kaya an mayar ba sai a gidan da aka yi rasuwa. Malam Habu ya ce Allah ya raba su da wannan, ya sa hannu da kansa aka ɗaga kujerar aka mayar. Motar ta juya da ƙyar a ƙarshen layi ta fita, wannan karon ba yaron da ya bi ta.

Ranar suna aka aro tabarmi daga masallaci aka shimfiɗe falo bango zuwa bango, aka yi hayar kujerun roba da rumfa a waje kamar yadda kowa ke yi a Lome. Malamai da dattawan unguwa suka shiga falon suka zauna gwiwa da gwiwa, sun fi talatin, aka raba goro da dabino, aka raɗa wa yaro Isma'ila. Gwaggon Nima ta zo da rana, ta zagaya gidan, ta tsaya a bakin falo ta ce masha Allah, gida sai ka ce masallaci, saura liman. Mata suka yi dariya. Rabi ta yi tare da su, da dare kuma ta yi kukanta.

Har ta yi arba'in ba ta yi masa wata magana ba bayan gaisuwa da ga abinci. Bai kare kansa ba. A layi aka sa masa suna Mai-mayar-da-mota, yara na faɗa in ya wuce, ya yi kamar bai ji ba. Mako guda bayan suna ya kawo mai awon fili, aka ja ma'auni, aka kafa turakun siminti a kusurwa huɗu. Da ɗan abin da ya saura ya sayi siminti buhu uku ya ɗaga dokin ƙofa da bakin ɗakuna, don unguwar kwari ce ta wajen kogin Zio, kuma ruwan Afrilu zuwa Yuli ba ya sallama. Da damina ta sauka ruwa ya cika layi ya tsaya a bakin dakalin, bai shiga ba.

Akwai wani kafinta a bakin hanya, mutumin Ewe, ana ce masa Fo Kossi, mai aiki da katakon tik, itacen da Jamusawa suka fara dasawa a ƙasar. Malam Habu ya je ya ce gado yake so, amma ba ya cin bashi, zai riƙa kawo abin da ya samu, in kuɗin ƙafa ya cika a yi ƙafa. Fo Kossi ya yi dariya ya buɗe masa shafi a littafi. Bayan ƙaramar Salla gado ya iso a kan kura, aka kai ɗakin Inna. Inna ta shafa katakon ta yaba, sannan ta ce ita ƙashinta ya saba da ƙasa, a kai wa uwar Isma'ila, ita ce mai goyo. Rabi ta ce ba za ta hau gado Inna na ƙasa ba. Suka yi ta turawa juna har dare, daga ƙarshe aka kafa shi a ɗakin Rabi bisa sharaɗin na biyu na Inna ne. A daren ne Rabi ta tambayi mijinta, a karon farko tun ranar mota, nawa ya rage a littafin kafinta.

Ana saura mako uku Babbar Salla, a watan Yuli, wasu fatake daga wajen Tawa da Ƙonni suka iso Gbossime da raguna balami da uda, suka tarar mai masaukinsu na shekara da shekaru ya rasu, magada sun sa 'yan haya a ɗakunan. Mutum takwas, ga kuɗi a jiki, ga ruwa na sauka. Malam Habu ya ce yana da falo, ba komai a ciki sai tabarma. Babbansu ya ce ai tabarmar suke nema.

Tsohuwar ƙa'idar Zongo ce, tun kafin a haifi Inna, baƙon da ya sauka a gidanka kai ne dillalinsa. Kai za ka ajiye masa kuɗi, ka nemo masa mai saye, ka tsaya masa in an ɗauki kaya bashi, la'ada kuma taka ce. Shekarar nan ragunan mutum takwas ta hannun Malam Habu suka fita. Rabi ke dafa musu tuwo safe da dare suna biya, har ta ɗauki yarinya mai taya ta. Da za su tafi babbansu ya ce baɗi a ajiye musu wurinsu, kada a sa komai.

Da kuɗin la'adar ya fara neman mutumin Gabon. Ashe ya dawo, yana wani ƙauye ta hanyar Tsevie, ya tsufa, ido ya yi rauni. Malam Habu ya ɗauki Fo Kossi ya yi masa tafinta, suka je da goron gaisuwa. Tsohon ya ce shi ba a taɓa ba shi ko dala daga kuɗin filin ba, kuma shekara ashirin ba wanda ya zo ya gaishe shi a kai sai yau. Aka yi zama biyu da dangi, aka daidaita a kan abin da za a ba shi, ya dangwala yatsa gaban mai garinsu da shaidu. Sannan takardu suka shiga ofis. Rabi kuwa da kwasar adashinta ta je kasuwar gwanjo ta Hedzranawoe ta zaɓo labule, ta sayi fanka ta tsaye, aka ja wuta daga mitarsu ta kansu.

A watan Maris na 2020 annoba ta zo, aka rufe iyakokin ƙasa, daga baya aka sa dokar hana fitar dare, kasuwa ta mutu murus. Gidan Malam Habu aka koma cin gari da ƙuli, wata rana koko kawai, amma ba wanda ya zo ƙofa da littafi. Ɗanjuma ne abin ya taɓa. Ashe ranar da mota ta juya, don kada ya ji kunyar mai shago, gidansa ya sa aka kai kayan. Ya biya wata goma sha ɗaya, motoci suka daina fita daga tasha, ya kasa cika sauran, aka zo aka kwashe har labulen da ba ya cikin lissafi. Da magariba ya zo gidan Malam Habu, tun ranar suna bai tako ba. Suka zauna a tabarma, Rabi ta kawo abin da ya samu, suka ci. Suka yi hirar makarantar allo da malaminsu mai dorina. Ba wanda ya ta da zancen kujera. Da zai tafi Malam Habu ya raka shi har bakin titi ya cusa masa wani abu a aljihu.

Takardar ta fi shekara biyu kafin ta fito. Ranar da ya kawo ta Inna ta ce a karanta mata, ya ce da Faransanci ce, ta ce a karanta haka nan. Babban ɗansu ya karanta tun daga sama har ƙasa, ta saurara ba ta gane ko kalma ba sai sunan ɗanta, ta ce to madalla. Aka kira mai fenti ya rubuta lambar takardar a jikin katanga ta waje, yadda masu ita ke yi a Lome.

Ba a daɗe ba tsohon Gabon ya rasu. Wata safiya sai ga ɗansa a layin da takardar lauya da yaro riƙe da gwangwanin jan fenti. Gida huɗu aka yanka daga filin kakansu, uku daga ciki ya sa aka rubuta musu a bango cewa wurin na cikin shari'a. Da ya zo ƙofar Malam Habu ya tsaya ya karanta lambar, ya gane mutumin da ya taɓa zuwa gaishe da ubansa. Suka gaisa, aka kawo masa ruwa ya sha, ya wuce. Malam Habu bai koma ciki ba, ya sa hula ya bi maƙwabtan nan uku zuwa wurin Sarkin Zongo, daga baya kuma shi da Fo Kossi suka yi ta kai da kawowa tsakaninsu da dangin. Biyu sun daidaita sun biya. Na ukun har yanzu ana kotu.

Kaya kuwa suka ci gaba da shigowa yadda suka saba, ɗaya bayan ɗaya. Gadon Inna ya zo, ta hau bayan an sha fama. Aka yi filasta, aka haƙa rijiya aka sa mata murfi, aka sayi kabad na kwanonin Rabi. Wata shekara bayan layya Malam Habu ya ƙirga abin da ya samu ya ga ya isa kujerun kushin, kuɗi hannu, sababbi ma ba gwanjo ba. Ya zo ya ajiye kuɗin gaban Rabi ya ce ga bashinta na ranar suna, ta je ta zaɓa da kanta. Rabi ta ƙirga ta mayar da roba ta ɗaure. Ta ce in aka cika falo da kujeru ina mutanen Tawa za su kwana, su da yanzu sun kai goma sha biyu? Ta ce a ba Fo Kossi ya yi guda biyu na katako a sa a gindin mangwaro, sauran a sayi firiji, tana so ta fara ƙanƙara da zoɓo kafin zafin Fabrairu.

In hanya ta kai ku Agoe-Zongo, ku tambayi yaran layin gidan Mai-mayar-da-mota, don sunan ya bi shi, har fataken ma da shi suke kwatance. Ku cire takalmi a bakin falo. In kun tarar da Malam Habu da Rabi suna gardama a gindin mangwaro, a kan ɗaki na uku ne, shi yana so a fara da bulo ɗari biyu bana, ita ta ce sai kuɗin kwano ya cika tukuna.